Furosesar da na zaɓa wa sabuwar kwamfutata, da dalilina

Kwamfutar tebur da nake aiki da ita ta yi mini hidima kusan shekara tara, kuma da son raina za a bi, da har yanzu tana nan a gefen teburina tana gurnani. Abin da ya raba mu shi ne ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina kula da Windows 10, domin furosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, Core i5 ce ta kamfanin Intel, zubi na huɗu, alhali Windows 11 ba ya karɓar ta Intel sai daga zubi na takwas zuwa sama, ta AMD kuwa sai daga Ryzen 2000. Aikina bai wuce buga takardu, tsara katin biki da kalanda a CorelDRAW, gyaran hoto a Photoshop, da yanka gajerun bidiyo jefi-jefi ba, saboda haka ban shiga kasuwa da niyyar ɗauko wadda ta fi kowace ƙarfi ba. Wadda nake nema ita ce wadda kowace nairar da na zuba a kanta za ta dawo mini a aiki.

Shagon farko da na shiga, mai shagon bai bari na gama bayani ba ya jawo wata kwamfuta 'yar Beljiyam daga ƙarƙashin kanta, ya goge mata ƙura da hannun rigarsa, ya nuna mini shuɗiyar takardar da ke manne a gabanta. Ya ce, "Yallaɓai, wannan Core i7 ce, babu abin da za ka ɗora mata ta gaza." Na roƙe shi ya kunna ta, na shiga inda ake ganin bayanan na'ura, sai ga shi an rubuta i7-3770. Bai yi mini ƙarya ba, i7 ce da gaske, amma ta shekarar 2012, wato ta girmi wadda nake ƙoƙarin rabuwa da ita. A nan ne yawancinmu muke faɗawa rami, domin mun riƙe cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3, ba ma duba lambar da ke biye, alhali ita ce ke faɗin shekarun abin. Lambar farko a 3770 tana nufin zubi na uku, lambobi biyun farko a 12100 kuwa zubi na goma sha biyu. Core i3-12100 da ta fito a farkon 2022 tana da ƙwaya huɗu (sassan da ke yin lissafi a cikinta) da zare takwas (layukan aikin da take iya tafiyarwa a lokaci guda), daidai da waccan tsohuwar i7, kuma ta yi mata nisa a gudu ta kowace fuska. Tun daga ranar na daina tambayar "i nawa ce?", na koma tambayar lambar gaba ɗayanta.

Harafin da ke ƙarshen lambar ma ba ado ba ne. A wajen Intel, K na nufin an bar furosesar a buɗe don masu son tura ta fiye da gudun da kamfani ya ƙayyade, abin da ni ba ni da buƙatarsa ko kaɗan. F kuwa na nufin babu sashen nuna hoto a cikinta, shi ya sa Core i5-12400F take zuwa da ɗan rangwame a kan 12400. Wannan rangwamen ya kusa ruɗa ni, sai da na tuna cewa idan na saye ta, allon kwamfutar ba zai nuna komai ba har sai na sayi katin hoto na daban, wanda kuɗin mafi ƙanƙantarsa ya ninka abin da na rage. Araha, in ji masu iya magana, ba ta ado. Haka abin yake a wajen AMD: Ryzen 5 5500 da 5600 ba su da sashen hoto, sai mai G a ƙarshe, wato 5600G. Ga wanda zai sayi katin hoto dama saboda wasanni, waɗannan marasa hoton su ne riba. Ga irina kuwa, tarko ne.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne fahimtar cewa kuɗin furosesa ba shi ne wanda aka faɗa maka a kanta ba. Kowace tana da gurbin da take zama a kan madabod, wato babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa, kowane madabod kuma yana da irin RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) ɗin da yake karɓa, don haka kuɗin ukun ake haɗawa kafin a ce wannan ta fi waccan sauƙi. Gurbin AM4 na AMD yana nan tun 2016, yana aiki da RAM irin DDR4, kuma madabod ɗinsa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu. Gurbin AM5 da ya gaje shi a Satumban 2022 ba ya karɓar komai sai sabon irin RAM, wato DDR5. Gurbin LGA1700 na Intel, wanda zubi na 12 da na 13 da na 14 suke zama a kai, yana da madabod iri biyu, masu DDR4 da masu DDR5, kuma mutum ne zai zaɓa tun wajen saye domin ba a cusa ɗaya a ramin ɗaya. Da na ɗauki takarda na jera lissafin a haka, sai Ryzen 5 7600 da ta fara sace mini zuciya ta koma gefe. Furosesa ce mai kyau, ƙwaya shida da zare goma sha biyu, ta fito a Janairun 2023 a kan dala 229, amma madabod da DDR5 da take jawowa sun sa jimillar ta haura abin da na ware, musamman a daidai lokacin da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo.

Sai ya rage mini biyu, Ryzen 5 5600G da Core i5-12400, kuma na yi kwanaki ina jujjuya su. Dukansu ƙwaya shida ne da zare goma sha biyu, dukansu suna nuna hoto ba tare da kati ba, dukansu suna tafiya da DDR4. Sashen hoton 5600G ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har ana buga wasanni marasa nauyi da shi, kuma da yaro ne mai son wasan ƙwallo ya nemi shawarata da ita zan ce ya ɗauka. Sai dai an biya wannan hoton da wani abu: ma'ajiyarta ta kusa, wadda furosesa ke ajiye abin da take yawan nema a ciki, megabait 16 ce maimakon 32 da ke cikin 5600, kuma hanyar da take sadarwa da sauran sassa ta tsaya a PCIe 3.0, ma'ana SSD (ma'ajiyar fayiloli) mai saurin gaske ba zai kai iyakar gudunsa a kanta ba. Ita kuwa 12400 ta fi ta sauri a aikin da ƙwaya ɗaya ke ɗauka, wanda shi ne yawancin abin da ke faruwa idan mutum yana jan layi a CorelDRAW ko yana gyara fuska a Photoshop, sannan tana da Quick Sync, wani sashe da Intel ya keɓe don sarrafa bidiyo. Da na auna da aikin da nake yi kullum, ba wanda nake mafarkin yi ba, sai ma'aunin ya rinjaya wajen Intel.

Akwai kuma maganar wuta da zafi, wadda masu sharhi na ƙasashen sanyi ba sa tsayawa a kanta, amma a nan Kano ita ce rabin zancen. Da rana sola nake amfani da ita, da dare batir da infata, saboda haka kowane wat ina jin sa a jikina. An rubuta wa 12400 wat 65, tana iya haurawa 117 idan aiki ya yi tsanani, kuma ana iya shiga BIOS, wato saitin madabod, a ɗaure ta kada ta wuce 65 ɗin. Kwatanta wannan da Core i9-14900K da ke kaiwa wat 253, a cikin ɗakin da a watan Afrilu zafin waje ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan fanka tun watanni kafin nan. Furosesar da ta ji zafi rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, wato mutum ya biya kuɗin doki ya koma tafiyar jaki. Ƙari a kan haka, a 2024 Intel ya amsa cewa wasu daga cikin zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da suke ja, har ya ƙara musu garantin shekara biyu. Zubi na 12 ba ya cikin wannan matsalar, kuma a kasuwar da mayar da kaya ga kamfani ke da wahala, wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali.

Wani abokina ya ja hankalina cewa LGA1700 ya kai ƙarshen hanyarsa, tunda Intel ya koma LGA1851 a Oktoban 2024, alhali AMD ya yi alkawarin riƙe AM5 har zuwa 2027 ko fiye. Gaskiya ya faɗa. Sai dai na dubi kaina na ga cewa a shekara tara ban taɓa cire furosesar tsohuwar kwamfutata ba ko sau ɗaya. RAM na ƙara, SSD na saka, shi ke nan. Ban ga hikimar biyan kuɗi yau saboda canjin da halina ya nuna ba zan yi ba.

Ranar haɗawa na zauna kusa da yaron da ke mini gyara, domin a gurbin Intel allurai suna jikin madabod ne, ba jikin furosesa ba kamar na AM4, kuma guda ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Ya cire baƙin murfin, ya haska fitilar wayarsa a karkace, muka bi layukan da ido har muka tabbatar babu wadda ta kauce. Furosesar tawa ba ta kwali ba ce, tsurarta aka kawo a 'yar robar da ake jero su, saboda haka babu fankar kamfani tare da ita, abin da ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin ya biya. Ya ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiyarta, ya ɗora doguwar fankar da na saya daban, yana ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya a gicciye. Ya ce, "Yaya, wannan ko a bazara ba za ka ji kukanta ba." Ragowar kuɗin da na so zubawa a i7 ya tafi ga RAM gigabait 16, sanda biyu masu takwas-takwas don su yi aiki tare, da SSD mai terabait ɗaya. Tsohuwar kuwa na saka mata Linux Mint a madadin Windows, tana ɗakin yara suna koyon buga rubutu a kanta.