Shalimo a kan gasasshen rago

Sana'ata gashin nama ce, amma ba ta bakin titi ba. Ni da yarana muna karɓar aikin biki da suna da walima a nan Damagaram: rago ɗungurungum, balangu, kaji, wani lokaci har tsire idan mai biki ya matsa. Muna gashi a Sabon Gari, mu kai Birni ko Zango ko Garin Malam. A wannan aiki hanya ta fi gashi wuya. Rago zai fito daga tanda ya yi jawur yana ƙyalli, a naɗe shi cikin takarda, a sa a mota, a je a tarar ba a ko fara ɗaurin aure ba. Kafin a ce a kawo abinci, tururi ya koma kan naman, bayansa ya yi laushi, launinsa ya dushe, kitse ya fara daskarewa. Mai biki kuwa ido yake fara ba shi labari kafin baki.

Dalilin da ya sa shalimo ya shiga cikin kayan aikinmu ke nan. Ɗan kai ne na ƙarfe mai feso wuta da ake ɗanawa a bakin ƙaramin gwangwanin gaz, irin mai giram 220. Wuri biyu ake daidaita shi. A baya akwai abin murɗawa da ke ƙara gaz ko rage shi, kusa da bakin bututun kuma akwai zobe da ke buɗe ƙofofin iska ko rufe su. Duk sabon yaro na bayan kaɗai yake gani. Ya murɗe shi har ƙarshe, wuta ta yi tsawo tana lilo, ja-ja da rawaya, shi a ganinsa ƙarfi ke nan.

Wannan wuta ita ce mafi muni ga nama. Launin rawaya alama ce gaz ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, bai ƙone duka ba, kuma abin da bai ƙone ba a kan nama yake sauka: baƙi-baƙi, da wani ɗanɗano da ko yaji ba ya ɓoye shi. Gaz ɗin kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don a ji idan yana yoyo. Saboda haka dokata ta farko, ba a kunna shalimo a kan nama. Ka juya gefe, ka buɗe gaz kaɗan, ka kunna, ka murza zobe har rawayar ta ɓace, wuta ta gajarta ta zama shuɗiya tana huci. Idan ka zarce, za ta rabu da bakin bututu tana ƙoƙarin mutuwa, sai ka ɗan mayar da zoben baya. Kunne ma yana aiki a nan. Huci mai ɗorewa shi ake nema, fat-fat kuwa akwai gyara.

Idan ka duba shuɗiyar wutar da kyau, harshe biyu ne, ƙarami mai haske a ciki, babba mai duhu a waje. Cikin ƙaramin nan gaz bai gama ci ba, tsininsa kuma nan zafi ya fi tsanani. Kada ya taɓa nama. Masu ƙera irin wannan kai sukan rubuta digiri 1,300 a jikin kwali, alhali nama yana fara yin ja da ƙamshi tun daga wajen digiri 140. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan haɗuwa ta sukari da sinadaran furotin a 1912. Tsakanin 140 da 1,300 tazara ce mai yawa, shi ya sa tsayawa wuri guda na ƙiftawar ido kan bar tabo baƙi mai ɗaci. Ina sa yara su ja baya kamar faɗin tafin hannu, hannun yana yawo kamar mai shafen fenti, a wuce a dawo, a wuce a dawo. Kafin nan sai an tsane naman da takarda mai tsabta, don muddin akwai ruwa a kai ba zai wuce digiri 100 ba, dahuwa kawai yake yi. A shafa mai kaɗan, ba a yi masa wanka ba.

Kowane ɓangare da tasa wutar. Cinya tsoka ce, tana jure a matso. Haƙarƙari da gindin wutsiya kitse ne, a rage gaz a ƙara nisa, a bar shi ya narke yana tsartuwa. In ya kama da wuta, hayaƙinsa ƙauri ne zalla. Fatar kaza kuma ta fi kowa saurin fushi.

Yaji sai an gama. Ƙuli-ƙuli da barkono da citta gari ne busasshe, kafin nama ya ji ɗumi sun ƙone. Akwai Hajiyar da ta tsaya a kanmu tana cewa, "Malam, ku barbaɗa tukuna mana, ya shiga jiki." Na yanko mata ƴar tsoka biyu, ɗaya an barbaɗa kafin wuta, ɗaya bayan wuta. Ta tauna ta farko ta yamutsa fuska, ta ce mu yi yadda muka saba.

Abin da ba a faɗa a takardar da ke zuwa da shalimo shi ne yanayin garinmu. Gaz ɗin gwangwani butan ne, ruwa ne a ciki, kuma ƙarfin fitarsa yana bin zafin gwangwanin. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, murɗawa kaɗan ta isa, kuma ba ma barin gwangwani cikin mota a rana ko kusa da garwashi. Da asubar hunturu kuwa wuta takan yi sanyin jiki. Ko a rana ɗaya, in an jima ana aiki gwangwanin yana yin sanyi a hannu, wuta ta ragu, dole a sake daidaitawa. Karkatar da shi ƙasa tun kai bai yi zafi ba yana sa ruwan gaz ya taho, wuta ta yi bal ta tashi. Gara a jingine tiren naman a karkace, gwangwani ya zauna a tsaye. Ga iskar hunturu, sai an sa yaro ya tare da faifai ko murfin tukunya.

Akwai wani kai mai raga da ake ƙarawa a gaban manyan shalimo, ana ce masa Searzall, daga Amurka. Ragar ce ke yin ja ta watsa zafi, harshen wuta ba ya dukan nama kai tsaye. Yana rage tabo, amma yana shan gaz, kuma shalimon da aka yi shi dominsa na wani gaz ne da ake kira furofan, ba irin namu ba.

Batun kuɗi kuma, tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 babbar tukunyar gaz ta ƙara yawa a gidajen Damagaram, amma ƙananan gwangwanayen nan daga waje suke zuwa, kilo da kilo sun fi tsada nesa. Wasu na yi musu ɗuri daga babbar tukunya. Ni na hana, ƙarfensu siriri ne, ba a yi su don a sake cikawa ba. Shalimo na mintunan ƙarshe ne kawai. Zafinsa a fatar nama yake tsayawa, ba ya gasa ɗanye, ba ya ɗumama cikin cinyar da ta huce, ba ya kuma ba da ƙamshin hayaƙi. Dattawan Birni suna gane wannan daga loma ɗaya, shi ya sa idan aikin nasu ne muke tafiya da buhun gawayi da ragar gashi, mu hura a ƙofar gida.