Wa zai gane?

A duk masu kallon talabijin babu mai kaifin ido kamar tsohon ɗalibi. Mutum zai manta sunan ministan da ya gama jawabi yanzun nan, amma in kyamara ta gilma ta kan ginin da ya shekara huɗu yana wucewa ta gabansa, ko na ƙiftawar ido ne, ya gani. Ɗan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya (ABU) ba ya buƙatar a rubuta masa komai a ƙasan allo, dogon ginin Senate na Samaru ya ishe shi, ko gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Ɗan Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) kuwa kallo ɗaya zai yi ya gaya maka tsohuwar haraba ce ko sabuwa ta hanyar Gwarzo. Kafin a tafi talla an ɗauki hoton allon da waya, an jefa a zauren WhatsApp na 'yan aji: ga makarantarmu. Ni ma haka nake, a ɗakin kwanan ɗalibai mata na Amina Hall a ABU na zauna, har yau in aka nuno North Gate sai na ajiye abin da ke hannuna.

Yanzu da na ajiye aikin ɗakin labarai, ƙannena da suka shigo bayana suna tambayata abin da na tsinta. Ba zan kama sunan tashar ba. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, sun kuma san mutumin da zan ba da labarinsa.

Wani yammaci wakilinmu ya aiko da labarin wata jami'a a wata jiha mai nisa da ta kori ɗalibai kan takardun bogi da satar jarrabawa. Murya kawai ya aiko ta waya, don masu gadi sun hana shi shiga da kyamara. Lokacin labaran dare ya matso. Shugaban sashenmu ya ce a ɗauko hotunan da muka tara a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A lokacin mun zagaya harabobi da dama babu kowa a ciki, kuma waɗanda suka fi fitowa tas na Samaru ne.

Na ce, "Yallaɓai, wannan fa Zariya ce, labarin kuma ba nata ba ne. A sa taswira da hoton wakilin, murya ta tafi a kai."

Bai ɗago kai daga wayarsa ba. "Ke dai kin cika tsirfa. Jami'a ai jami'a ce. Wa zai gane?"

Na roƙi ko da a rubuta a kusurwa cewa hoton ajiya ne, a faɗi inda aka ɗauka. Ya ce babu lokaci. Ya tashi da kansa ya shiga wurin mai tace hoto, ya tsallake ni da nake furodusar da ke bakin aiki.

Mai karanta labarai bai kai ga wasanni ba wayoyi suka ɗauki ruri. ABU, jami'ar da aka buɗe tun 1962, wadda ta yaye mutane tun daga marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua har zuwa malamin sakandare na ƙauye, babu ma'aikatar da za ka shiga ka rasa ɗanta. Wani dattijo mai ritaya ya kira a tsanake ya ce, "'Yata, me makarantarmu ta yi?" Wata lauya da ta yi karatu a harabar ABU ta Kongo ta ce da safe za mu ga takardarta. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani uba ne, 'yarsa na ajin ƙarshe a Samaru, dangi sun dame shi da kira ko tana cikin waɗanda aka kora. Muryarsa rawa take.

Shugaban ya kafe cewa ai an faɗi sunan jami'ar da abin ya shafa a farkon rahoton. An faɗa, sau ɗaya. Amma mutanenmu a shago suke kallo, a teburin mai shayi, janareto na ruri, hira na tafiya. Gani ya kori ji. Zuwa tsakar dare wani ya yanko tsakiyar rahoton ya ɗora a Facebook, babu jimlar farko, sai ginin Senate da maganar takardun bogi. Waɗannan mutane ba son makaranta kawai ya tayar musu da hankali ba. Sunan da ke kan takardar shaidarsu da shi suke neman aiki, da shi suke cin abinci.

Washegari a taron shugabanni, shugaban sashenmu ya ce furodusa ce ba ta duba hotunan ba. Sunana ne a jadawalin aiki, don haka ni aka miƙa wa takardar tuhuma, aka dakatar da ni, aka taɓa albashina. Mai tace hoton da ya ji komai da kunnensa ya sunkuyar da kai. Ba na riƙe shi a zuciya, ɗan kwantiragi ne, sabunta aikinsa na hannun mutumin. Ni aka sa na rubuta neman afuwa, shugaban ne ya soke jimlar da ta ce tashar ce ta yi kuskure, ya tura sauran can ƙarshen labarai. Abin da ya fi ciwo shi ne 'yan ajinmu sun ga sunana cikin jerin ma'aikata da ke wucewa a ƙarshen shiri. "Haba, har da ke?" Ɗaya bayan ɗaya na bi su da bayani, wasu har yau ba su gamsu ba.

To, ƙannena, ga abin da zan bar muku. In na sama ya ba ka umarnin da ranka bai kwanta da shi ba, tura masa saƙo nan take: "Yallaɓai, don tabbatarwa, ka ce a sa hoton kaza a labarin kaza." Ko bai amsa ba, saƙon na nan da lokacinsa. Kada ka dogara da shaidar wanda abincinsa ke hannun wanda kake ƙara. Kada hoton wani wuri ya hau labarin wani wuri, musamman makaranta, masallaci ko fada. Ka girmama masu kyamara da direbobi. Ka riƙe lambar wakilanka a ka.

Da na dawo daga dakatarwa, ba wanda ya sa ni, na zauna na bi rumbun hotunan tashar, tun daga tsofaffin kaset har na cikin kwamfuta, na rubuta wa kowanne wuri da shekara. Da shi ake aiki har gobe, kuma tun daga nan ba a sake ɗora wata jami'a a kan labarin wata ba. Shugaban sashen kuwa an ƙara masa girma. Takardar tuhumar na nan cikin fayil ɗina. Da zan tafi na nemi a cire ta, aka ce sai da sa hannunsa.