Na auna sinadaran awara, daga wake har ruwan matsa

A kan waken suya na yi binciken digirina na biyu a fannin kimiyyar abinci, musamman wasu sinadarai da ake kira isofilabon. Manyansu uku ne: jenistayin, dedzayin da gilaisitayin. Ƙirarsu ta yi kama da ta istirojin, sinadarin da jikin mace ya fi na namiji samarwa, shi ya sa ake ta ka-ce-na-ce a kansu. Duk namijin da ya ji abin da nake bincike a kai, tambayarsa ɗaya ce, wani ma sai ya rage murya: wai da gaske awara na rage ƙarfin namiji?

Ni tawa tambayar ba ta kai can ba. So nake in san yawan abin da ke barin wake ya isa cikin awarar da ake yanka mana a faranti.

A wurin wata dattijuwa mai awara a unguwarmu nake karɓar samfur: ɗanyen wake, ruwan jiƙo, madara, dusa, awarar kanta, da ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa da ke tsiyaya daga buhu idan an zuba ruwan tsami, madarar ta kama, an ɗora dutse. Da na miƙa mata kwalba ta ɗebo mini wannan na ƙarshen, sai ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, ruwan da nake zubarwa a kwata shi za ka kai makaranta?"

"Shi fa, Inna," na ce.

A ɗakin gwaji sai a busar da samfur, a niƙa, a cire mai, a jiƙa garin a metanol mai ƙarfin kashi 80, a tace, sannan a ɗura wa na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran tana auna su da haske mai tsawon nanomita 260. A nan aikin ya nuna mini haƙoransa. Kowanne cikin ukun nan yana zuwa a siffa huɗu, wato 12 ke nan: tsiraransa, da wanda sukari ya maƙale wa, da wasu biyu masu ƙarin malonil ko asetil a kan sukarin. Mai malonil ya fi yawa a ɗanyen wake, amma ba ya jure zafi. Da an ɗumama sai ya rikiɗe. Shi ya sa malamin da ke duba aikina ya hana ni kai samfur kusa da wuta lokacin jiƙo. Sannan sukarin nan kusan kashi 40 ne na nauyin. Takardu biyu kan auna wake iri ɗaya su fito da adadi mabambanta, don kawai ɗaya ta lissafa da sukari, ɗaya ta cire shi. Tun daga lokacin, in na ga adadi a takarda, sai na duba yadda aka auna kafin in yarda.

Ruwan Inna na kwata kuwa ya fito da isofilabon mai yawa, domin masu sukarin suna narkewa a ruwa. Ban yi mamaki sosai ba: wani bincike na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka a 1996 ya nuna kusan kashi 44 na salwanta a matakin daskarar da madara da matsa ta. Shi ma waken ba ɗaya ba ne. Wanda ya cika ƙwaya cikin tsananin zafi yana da ƙarancin sinadarin a kan na wuri mai sanyi, don haka ba a ɗauko adadin waken wata ƙasa a liƙa wa namu.

Tsoron yana da tushe, ba zan ɓoye ba. A shekarun 1940 tumaki a Yammacin Ostireliya suka daina haihuwa saboda kiwo a kan wata ciyawa, kuloba, mai cike da dangin waɗannan sinadarai. A 1987 kuma aka danganta rashin haihuwa da ciwon hanta na dabbobin cita, dangin kyanwa na dawa, a gidan namun dajin Cincinnati ta Amurka da waken suyan da ke cikin abincinsu. Sai dai tunkiya wuni take tana cin ciyawar, dangin kyanwa kuma hantarsu ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai kamar ta ɗan'adam. Mu ma ba ɗaya muke ba. Ƙwayoyin cikin hanji kan juya dedzayin ya koma wani sinadari, ikwal, wanda ya fi shi ƙarfi, kuma a fitsarin goɗiya mai ciki aka fara gano shi a 1932. Kashi 25 zuwa 30 ne kawai na Turawa hanjinsu ke yin wannan aiki, a Japan da Koriya da Sin kuwa kusan rabi ko fiye.

A 1996 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano cewa istirojin yana da makama ta biyu a jiki, wato wurin da yake maƙalewa ya yi aikinsa, wadda aka kira beta. Jenistayin ita ya fi kamawa, alhali ɗayar, alfa, ita ce ta fi hannu a haɓakar ƙwayoyin nono da mahaifa. Kama da istirojin ke nan, amma aikin ya bambanta.

Ga masu rage murya, abin da nake faɗa musu shi ne na gwajin mutane. A 2021 an tattara gwaje-gwaje 41 da aka yi a kan maza, ba a ga waken suya ko isofilabon ya rage testosteron, sinadarin mazakuta, ba. A Shanghai ta ƙasar Sin kuma an bi mata 5,042 da suka yi kansar nono, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna masu yawan cin waken ba su fi mutuwa ko dawowar cutar ba, ƙasa ma suke.

Inda nake ɗari-ɗari shi ne ƙwayoyin isofilabon na kwalba, waɗanda kan tara abin da ya fi na faranti. Japan, duk da son wakenta, a 2006 ta ƙayyade miligiram 30 a rana ga irin wannan ƙari. Mai shan maganin levothyroxine don maƙoƙo kuma ya bar tazarar sa'o'i tsakanin maganin da awara ko madarar wake, domin waken na rage shigarsa jiki.