Famfon Hajiya da rijiyar gidana

A tsakar gidanmu na cikin gari, ta wajen Goron Dutse, akwai wani famfo da Hajiya ta hana a cire. Ina yaro a gindinsa ake yi mini wanka, da asuba ka ji yana tari kafin ruwan ya ɓarke. Yau igiyar shanya ce ɗaure a wuyansa. Ranar sallah autana ya tambaye ni ko ƙarfen ɗaure akuya ne, Hajiya ta yi dariya har da ƙwalla, ni kuwa na kasa.

Ruwan famfo ba baƙo ba ne a Kano. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake turo shi daga Challawa. Audu Bako ya gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, sannan a mulkin Shekarau aka ƙara sabuwar matata a Tamburawa wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana. Ruwa dai akwai shi a kogi. Amma sai an tace, an tura da wuta ko gas, ya bi bututun da wasu sun girmi mahaifina, kuma garin da aka shimfiɗa wa bututun ya daɗe da tsallake ganuwa ya cinye gonakin Kumbotso da Ungogo.

Ni ma ina cikin waɗanda suka ci gonakin. Da na tara 'yan kuɗina na sayi fili a awon igiya, inda mai gona ya yanka da kansa, ya bar lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar. Ba a bar hanyar bututu ba, ba a bar ta kwata ba. Kowa ya haƙa rijiyarsa, ya haƙa masansa, ya sako ruwan wanka waje, Allah ya kai shi inda zai kai shi. Ban isa in ce an cuce ni ba, da idona na gani na biya, don abin da aljihuna ya iya ke nan.

Shekara shida rijiyata tana riƙe da mu. Sai wani bawan Allah ya sayi filaye uku a bayana ya haɗe, ya kawo motar haƙa burtsatse, kwana biyu ƙasa na rawa. Da bazara ta kama, guga ya fara dawo mini da laka. Mai haƙar rijiyar da na kira ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan a 'yan tsage-tsage yake maƙale. Wanda ya fi ka zurfi ya fi ka rabo." Ban sani ba ko burtsatsen ne kaɗai ko har da yawan da muka yi, amma a layinmu rijiya huɗu ce ta ƙafe a shekarar.

Tun daga nan muka koma hannun mai garuwa. Namu mutumin Damagaram ne, kura mai jarka 12 yake turowa, rawaya masu lita 25 da aka gama cin man gyaɗan cikinsu. Kafin a cire tallafin mai a 2023 ba na ma lissafin kuɗin ruwa. Yanzu uwargida tana da littafi. Jarka takwas muke sha a rana idan babu wanki, kuma ruwan ɗaurayar kwanuka ba ya zuba a banza, shi ake kai wa banɗaki. Na taɓa yi masa ƙorafin tsada, ya sauke jarka ya share gumi ya ce, "Malam, ni ma saya nake, mai burtsatse ya ce janareto ba ya shan ruwa." Kuma a ina yake saya? A famfon da maƙwabcina ya fito da shi jikin katangarsa. Wato ruwan da ya bar rijiyata, shi ake zagayowa da shi ta ƙofar gida in biya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba kuɗin ba ne. Na tako da ƙafata daga masan gidan da ke hagu da ni zuwa bakin rijiyata, taku tara. Duk damina sai an kwashi yara a unguwar nan da amai da gudawa, a ce iska ce. Wa ke da alhakin cewa kada a haƙa masai kusa da rijiyar wani? Wa ke ƙirga burtsatsen da ke layi guda? Masu kula da famfo bututunsu bai zo nan ba, masu tsara gari ba su suka yanka ba, masu kwashe shara bola ce tasu. Ɗan siyasa kuma idan zaɓe ya matso ya kafa tanki da hotonsa a jiki, injin ya lalace bayan wata shida, babu wanda aka ce ya gyara.

Sai muka kai maganar gaban mai unguwa, a kan tabarma bayan sallar isha'i. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba faɗa muka zo ba, rijiyoyinmu ne suka ƙafe." Maƙwabcin mai burtsatsen ya ce da kuɗinsa ya haƙa a cikin gidansa, kuma gaskiya ya faɗa. Aka yi ta ja har dattawa suka sa baki, ya yarda zai riƙa buɗe famfon kyauta daga asuba zuwa ƙarfe bakwai. Muka yi godiya, aka shafa fatiha. Zancen masai kuwa da na ɗauko, wani ya ce dare ya yi.

Yanzu da an idar da sallar asuba yarana biyu ke ɗaukar bokiti su bi layi kafin makaranta. Jiya babban ya dawo da rabin bokiti, wai an ɗauke wuta tun kafin tankin ya cika.