Kyanwa na cin abinci ba ya nufin bakinta lafiya lau

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Haƙori na iya ruɓewa har saiwa amma ta ci gaba da cin abincinta, sai dai ta riƙa haɗiya ba tauna. Don haka kada ka jira sai ta ƙi ci. Ɗaga leɓenta na sama sau ɗaya a mako ka duba.

Jaririyar kyanwa haƙoran nono 26 gare ta, kafin wata shida zuwa bakwai na dindindin 30 sun maye gurbinsu. Lafiyayyen dasashi ja-ja ne mai haske. Idan ka ga wani siririn jan layi a inda haƙori ya haɗu da dasashi, kumburi ya fara. Sanadinsa yauƙin ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori bayan cin abinci. Cikin 'yan kwanaki ya daskare ya zama ɓawo mai ruwan ƙasa, musamman a kan manyan haƙoran sama na can baya. A wannan matakin ana iya gyarawa. In aka bari ya gangara ƙarƙashin dasashi ya fara cin ƙashin muƙamuƙi, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Akwai kuma ciwon da ya fi damuna, wanda jiki da kansa ke zaizaye haƙori daga wuyansa. Kallo ɗaya za ka ɗauka ɗan tsiron nama ne ya hau haƙorin, alhali rami ne a ƙasa, kuma da an taɓa sai ka ga haɓarta na karkarwa. Ciko ba ya riƙe shi, cirewa ce magani. Warin baki, dalalar miyau, tauna da gefe ɗaya, zubar da loma, ko ta daina lasar jikinta gashi ya cukurkuɗe, duk dalilai ne na zuwa wurin likitan dabbobi. Zai sa ta barci, ya kankare ɓawon har ƙarƙashin dasashi, ya ɗauki hoton saiwoyin.

Goge baki kuwa a hankali ake koya mata. Makon farko ta lashi man goge baki na kyanwa a yatsanka kawai. Mako na biyu ka shafa dasashin da yatsa. Daga nan ka kawo ƙaramin buroshi mai laushi, ka ɗan karkata shi zuwa dasashi, ka goge bayan haƙoran ta waje, kamar daƙiƙa 30 kowane gefe, kullum in da hali. Bakin da ya riga ya kumbura kada a goge shi sai likita ya gani, don zafin zai sa ta tsani buroshi.

Kada ka goge mata baki da man goge bakinmu na mutane, don yana ɗauke da fulorayid, sinadarin da ke cutar da ita in ta haɗiye, ita kuma ba ta iya tofarwa. Farasitamol kuwa, kada ka ba ta don ciwon haƙori, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta.