Tafiyata Maraɗi a tsakiyar damina: rumbu wayam, kasuwa cike

Gwaggona tana aure a wani ƙauye ta wajen Madarumfa tun kafin a haife ni, duk shekara idan watan takwas ya kama Baba sai ya ce a kai mata ɗan abun da ya samu, don lokacin ne hatsin bara ya ƙare na bana kuma bai nuna ba. Bana ni aka tura. Na shiga mota daga Katsina da masara da ɗan gari, muka bi ta Jibiya zuwa Magama, shingayen masu kaki kam ba a magana, ka sauke buhu ka ɗora ka sake saukewa, mu bar wannan don idan na fara ba zan gama ba. Muna tsallakawa Ɗan Isa sai lissafi ya koma na sefa, nairar da na riƙo kaman abun arziki aka canza mani ita ta dawo ƴan takardu kaɗan.

Mu Katsinawa Maraɗi ba baƙon wuri bane, ai sarautar can ma Sarkin Katsina ake ce mata, zuriyar waɗanda suka bar birni bayan jihadi ne. Shi yasa yunwarsu ta fi yi mani ciwo, fuskokin irin na gidanmu ne, gaisuwar ma iri ɗaya.

Gero a gona ya yi kore shar har ya fi ni tsawo, amma Gwaggo ta buɗe mani rumbu na leƙa, ba komai sai ƙaiƙayi a ƙasa. A tsakar gida akwai roba babba an jiƙa ƴaƴan hanza, ta ce kwana da kwanaki ake yi ana zubar da ruwan ana sake wani kafin ɗacin ya fita, sannan a dafa da ɗan gishiri da ƙuli in akwai. Na ɗanɗana, wlh har yanzu ɗacin yana maƙoshina in na tuna. Sauran abincin tafasa ce da zogale. Ta ce "ɗan nan kar ka ɓata fuska, wannan ai da sauƙi, ba ka ga El-Buhari ba", wato yunwar 1984, wadda mutanen can suka laƙaba ma sunan shugabanmu na lokacin saboda an rufe boda hatsi ya daina shiga. Ta ce kakarta kuma labarin Kakalaba take ba su, ta 1914.

Abun da ya fi ɗaure mani kai sai da na shiga babbar kasuwar Maraɗi. Gero ga shi nan buhu kan buhu, dawa, wake, shinkafar waje, kuɗin saye ne babu. Haka aka yi a 2005 bayan fari da fara sun ci amfanin 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, farashi ne ya haura sama dabbobi kuma suka faɗi, mutum ya saida akuya bai samu abun da zai kai shi sati biyu ba. Manomi yana saida gero da kaka da araha don biyan bashi da hidimar aure, da damina ya dawo ya sayi geron nan nashi a tiya da tsada ko ya ci bashi a kan amfanin da bai girbe ba. Wannan kuma ba Nijar kaɗai ba, je ka ƙauyukan Batsari ko Mashi ka tambaya.

Wata maƙwabciyar Gwaggo tana da ɗiya mai yoyon fitsari tun haihuwar fari, aka ce tunda ga namiji ya zo in raka su Danja, asibitin ƴan mishan na SIM da ke bakin hanya kafin ka shiga Maraɗi. Asalinsa na kutare ne, a 2012 aka buɗe ɓangaren masu yoyon fitsari. Su SIM ɗin nan su ne dai suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga tamu ta Katsina a da, su ne kuma cocin ECWA ya fito daga cikinsu, sun shiga Nijar tun 1924 ta Damagaram, asibitinsu na Galmi garin albasa yana aiki tun 1950 har mutanenmu na wannan ɓangaren suna tsallakawa can neman magani.

Gaskiya na shiga da ɗar-ɗar, don tun muna yara ake ce mana a yi hattara da mishan. Kuma ba su ɓoye ba, suna addu'arsu suna wa'azinsu da Hausa tsaf, wanda ya ce maka ba addini ya kawo su ba bai faɗa maka daidai ba. Amma matan da na gani zaune a inuwa kusan duk da hijabi ne, lokacin azahar na yi kowa ya yi alwala ya yi sallarsa. Na ga wani dattijo da yatsunsa suka gutsure ana gwada mashi takalmi mai taushi da aka yi daidai ƙafarsa, ma'aikacin ya durƙusa yana taɓa ƙafar da hannu ba ƙyama, yana ce mashi "Baba taka mu gani, ina yake matsa maka". Ni da nake tsaye sai da na ɗan ja baya.

A hanyar dawowa mijin Gwaggo ya nuna mani gawo da kalgo a cikin gonaki, ya ce da can duk sharewa ake ƙasa ta zama fili. Wani ɗan mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ne a 1983 ya lura kututturan da ke gona da ransu, in aka rage tohon aka bar ƙwarara kaɗan sai su zama itace. Da yunwar 1984 ta zo suka haɗa rabon abinci da wannan aikin, wasu sun sare bayan an daina rabo wasu suka bari, yau sassaben zamani ake ce mashi kuma ana ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Ni a ganina wannan ya fi buhun agaji nesa ba kusa ba, ga itacen girki ga abincin dabba ga taki.

To mu fa? Zakka farilla ce a kanmu, muna da attajirai a Katsina da Maraɗi da suka fi ƙarfin wannan aikin, amma yawancin taimakonmu na azumi ne, a raba shinkafa a ɗau hoto a sa Facebook, bayan sallah shiru. Yunwa kuma watan bakwai da takwas take kisa. A jiharmu ma yaran tamowa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne ke ɗawainiya da su, su ba ƴan mishan bane amma dai baƙi ne, a 2025 sun ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinsu na Katsina cikin wata shida na farko.

Na faɗi haka a motar dawowa, wani malami a gaba ya juyo ya ce "Malam kana yabon masu neman raba mutane da imaninsu ne?" Na ce Allah gafarta Malam ba yabo nake ba, cewa na yi mu gina namu mu zauna a ciki shekara 70 kaman yadda suka zauna. Direba ya ce ku dai ku haɗo na shinge mun kusa Magama. Gardamar ba ta ƙare ba har Jibiya, can malamin ya sauka. Yarinyar nan mai yoyon fitsari kuma an ba ta ranar aiki bayan kaka, Gwaggo ta ce in na tashi komawa in taho da atamfa ko turmi ɗaya ne don uwar ba ta da na canzawa.