Asabar a Willow Run

Da hantsi maƙwabciyata ta ce in raka ta filin jirgin Willow Run da ke kusa da garin Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, ɗanta yana da wani taro a can. Muna jira a mota ta nuna min wani ƙaton gini, ta ce ragowar masana'antar da kamfanin Ford ya gina ce a Yaƙin Duniya na Biyu, sauran an rushe. Jiragen B-24 masu jefa bama-bamai har 8,685 aka ƙera a wurin, a 1944 kusan kowace awa sai jirgi ya fito. Daga nan ta shiga ba ni labarin Rose Will Monroe, wata mata da ta yi aiki a masana'antar, har muka dawo gida ba ta gama ba.

Rose 'yar Kentucky ce, an haife ta a 1920. Mijinta ya rasu a haɗarin mota a 1942, ya bar ta da yara biyu, sai ta kwaso su ta taho Michigan neman abin sawa a baki. Aikinta haɗa fallayen jikin jirgi da ƙananan ƙusoshi. Biyu-biyu ake yi: ɗaya a waje tana bugawa da bindigar iska, ɗaya a ciki ta tokare da dunƙulen ƙarfe har bakin ƙusar ya baje. Ƙarar wurin ba ta bari a ji magana, da ƙwanƙwasa jikin jirgin suke fahimtar juna. Haka za a wuni. Ni da ƙarar injin markaɗe ke sa wa ciwon kai!

Wata rana ɗan fim Walter Pidgeon ya zo ɗaukar fim ɗin tallar takardun lamunin yaƙi, waɗanda jama'a ke saya don ba gwamnati rance, ya same ta a bakin aiki, aka saka ta a ciki. Abin da aka fi saninta da shi ke nan, amma ni ba shi ne ya tsaya min a rai ba. Ashe tuƙin jirgi take so. Ta nemi shiga horon matan da ke kai wa soja jirage, aka ƙi ta, wai ita kaɗai ke riƙe da yara. Ta dai ƙera, kada ta hau. (Ban kuma manta ba, jiragen nan a kan mutane suka zubar da kayansu.)

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka sallami mata da yawa, ita kuwa ba ta zauna ba. Ta ja tasi, ta buɗe shagon gyaran gashi, ta kafa kamfanin gina gidaje mai suna Rose Builders a Indiana. Sai da ta kai shekara 50 ta koyi tuƙin jirgi. A 1978 ta yi haɗari da ƙaramin jirginta, ta rasa ƙoda ɗaya da ganin idon hagu, dole ta haƙura. Ta rasu a garin Clarksville na Indiana ranar 31 ga Mayu, 1997, tana da shekara 77.